A Ba Yaya Ƙwallo

A zangonmu na Bawku, wajen ƙarshen shekarun tamanin, muna da ƙungiyar ƙwallo da babu kamarta wajen ladabi. Wajen cin wasa kuwa, sai dai a yi shiru. Tarbiyyar gida muka kwaso muka shiga fili da ita: in na gaba da kai ya ce “kawo”, to ka kawo, ko da kai da mai tsaron gida kaɗai kuka rage. Ni ne babba a cikinsu, saboda haka ni ne lamba tara. Ba wanda ya gwada ni. Shekaru ne suka ba ni rigar, kuma na riƙe ta kamar gadon ubana.

Albasa nake sayarwa a kasuwa, tun lokacin ina da ɗan tumbina, gudu kuwa ba ya cikin tsarina. Nakan tsaya kusa da ragar abokan karawa, hannu a ƙugu, in ƙwala kira: “Kai! Nan!” Duk wanda ƙwallo ke ƙafarsa, ko ya yanke mutum huɗu, sai ya waiwayo ya miƙo mini cikin girmamawa, ni kuma in ɗaga ta sama ta wuce bishiyar darbejiya. Wanda ya fi shan wannan azaba ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran kekuna. Ƙafarsa ta hagu abar tsoro ce. Amma shekara uku yana ƙungiyar bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, don duk sanda ya isa wurin ina nan ina kira.

Kocinmu tela ne, wani dattijo mai shago a bakin tasha, shi ke ɗinka mana riguna. Ya buga ƙwallo a kudu da ƙuruciyarsa. Kullum yana fama da mu kowa ya tsaya wurinsa, mu ce “to, Baba”, mu ci gaba da abinmu.

Sai aka gayyace mu wasa a Yendi. Muka cika bayan lori ta hanyar Gambaga muna waƙe-waƙe. Ba a yi minti goma ba mutanen Yendi suka gano mu: suka jingina mini ƙatti uku, suka bar sauran fili babu kowa. Yaranmu suna ganin raga a buɗe, suna ta aiko mini da ƙwallo cikin ƙattin nan. Har wani tsoho mai furfura cikin 'yan kallo ya kwaikwayi muryata ya ce “Kai! Nan!”, ɗan bayanmu ya dube shi, ya ga sa'an kakansa ne, ya tura masa ita waje. Huɗu suka zuba mana. A hanyar dawowa ba wanda ya yi waƙa.

Koci ya karɓe rigunan, wai zai gyara ɗinki. Da ya dawo mini da tawa, sai na ga ya farke taran ya kife ta, ta koma shida.

Na ce, “Baba, ni ne fa babba!”

Ya ce, “Shi ya sa. Ka koma baya ka tsare mana gida. Ka ƙetare layin tsakiya in fitar da kai. Kuma kar in ƙara jin ‘nan’ a bakinka.”

Ƙanena ya ba wa tara. Haba! A gaban yaran da na goya? Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo. Ƙanen nawa ya naɗe rigar ya kawo mini rumfa, ya ajiye kan buhun albasa, kansa a ƙasa. Na ce ya ɗauke kayansa ya ba ni wuri. Mako biyu ko gaisuwarsa ban amsa ba. Na ƙudura a raina, wasan Salaga da ke tafe zan nuna wa kowa rigar ta wa ce, in ba haka ba in bar ƙungiyar.

A Salaga na san ana gumi a ƙwallo. Na bi mutane, na faɗi, na tashi, na tare da ƙirji, na tare da mazaunai. Ba su ci ba, ba mu ci ba, har alƙalin wasa ya fara duban agogo. Sai ga ƙwallo na ƙwato ta a tsakiya, fili ya buɗe a gabana. Na ƙetare layin. Ina jin koci yana ihu, na yi kamar kurma. Ga raga can, ga damar da nake jira.

Sai na hango ƙanena a hagu, shi kaɗai, ba kowa kusa da shi. Bai ɗaga hannu ba, bai buɗe baki ba. Tsaye kawai yake yana jira in gama. Gaskiya ban san ko tausayi ne ko numfashina ne ya ƙare ba, na dai tura masa. Taɓawa ɗaya ya yi da hagun nan, raga ta girgiza.

Yaranmu suka kwasa da gudu za su ɗaga shi. Ya zille musu, ya nufo ni, ya durƙusa a gabana a tsakiyar fili, cikin rigar tara, a gaban duk mutanen Salaga.

Ya ce, “Yaya, yi haƙuri.”

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Ƙwallonsa ta farko ke nan a shekara uku, kuma ni yake ba wa haƙuri.