Allon da ƙanena ya kafa a ƙofar gidansa

Malamar ajinmu na koyon karatu na manya a Gorton, unguwarmu a Manchester, ta ce kowa ya rubuta abin da ya taɓa ɓata masa rai, da harshen da ya ga dama. Ni mutum ne mai haƙuri, har a wurin aiki an san ni da haka. Amma wannan magana, duk sanda na tuna ta sai ƙirjina ya yi zafi.

Ƙanena yana Amurka, a wani ɗan ƙaramin gari mai coci biyu da gidan mai ɗaya da kamfanin yanka kaji, inda yake aiki. Ya ce tun zamanin kakanni jam'iyya ɗaya mutanen garin suke zaɓa, ko akuya ta tsayar za ta ci. Kuma ba a ɓoye suke yi ba. Da zaɓe ya matso kowa zai kafa allo a kan ciyawar ƙofar gidansa da sunan ɗan takara. Gidan da babu allo shi ake nunawa da baki.

Matarsa tana Kano da 'yarsu. Ni na karɓa masa auren, ni na zauna gaban mahaifinta na ce amana ce, da takardu sun fito zai ɗauke ta. Shekaru suka yi ta wucewa. Duk Juma'a tsohon yakan kira ni, don kunyar surukai ba ta barinsa ya tambayi ƙanena. Ni kuma in ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri, takardu ne." Abin da ƙanena yake gaya mini ke nan.

Wata rana ya kira ni ta bidiyo yana tsaye a ƙofar gida, sai na hango allo a bayansa. Ina ƙoƙarin haɗa haruffan, 'yata da ke jami'a ta leƙo. Bayan an kashe wayar ta ce, "Baba, ka san wa Baffa yake goyon baya kuwa? Mutumin nan ne mai cewa baƙi sun cika musu ƙasa, a rufe ƙofa."

Na haɗiye abin, sai da ya zo Ingila sunan jikan yayarmu a Birmingham. A Manchester ya sauka, ranar Juma'a na ɗauke shi a mota muka kama hanya, mu biyu.

Na ce, "Wannan allon na ƙofar gidanka, kai ka kafa shi?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ka fara karatu ka fara sa ido? In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ai sai ka nemi taka ka ɗaura."

"Kuma shi ka zaɓa?"

"Kowa shi ya zaɓa. Ƙuri'ata ɗaya me za ta canja? Maƙwabcina shi ke share mini ƙanƙara da motarsa. Matarsa tana kawo mini abinci. Cewa suke ni ba irin sauran ba ne."

"Su wane ne sauran?"



Na ce, "Matarka ce sauran. 'Yarka ce sauran. Ina maganar takardunsu ta tsaya?"

Ya juya yana kallon manyan motocin da ke wuce mu. Can ya ce, "Yaya, ban shigar ba tukuna."

Sai da na nemi wurin shan mai na tsaya. Na ce ya maimaita. Ya ce ni ban san garin ba. Shi kaɗai sun saba da shi, amma ranar da mace mai hijabi ta fito daga gidan nan, ranar gaisuwa za ta ƙare. Ya ce a bari zaɓen gaba ya wuce, ƙura ta lafa.

Wato don a ci gaba da ɗaga masa hannu a bakin titi ya ajiye 'yar mutane kamar kayan ajiya. Ni ma unguwarmu jam'iyya ɗaya ake zaɓa tun zuwana, amma ban taɓa tambayar maƙwabci ko ya yarda matata ta shiga gidana ba.

Muna nan wayata ta yi ƙara. An sauko daga masallaci a Kano, tsohon ne. Na amsa, muka gaisa, na ce, "Alhaji, yau ga shi kusa da ni." Na miƙa wa ƙanena.

Ya zaro ido yana girgiza kai. "Yaya, don Allah."

"Karɓi. Ka faɗa masa da bakinka."

Na fita daga motar na bar shi. Ta gilashi ina ganinsa ya sunkuyar da kai kamar tsohon yana gabansa.

Bayan ya koma, da matar ta ji gaskiyar maganar sai ta ba shi zaɓi: ko takardu ko takardarta. Ya kira ni wai in sa baki ta ƙara haƙuri. Na tambaye shi ko allon yana nan. Ya ce yana gareji, sai zaɓe ya zo. Na ce to ni na gama. Ya sake ta, kuma ni na je wa mahaifinta da ban haƙuri.