Ya Falmata Ta Ƙi Dangwala Yatsa

Ya Falmata 'yar Boso ce, can wajen tafkin Chadi. Ta fi shekara ashirin tana bandar kifi, tarwaɗa da karfasa, 'yan kasuwa na ɗauka zuwa Maiduguri. Mijinta masunci ne, ya rasu tun ƙasar tana lafiya. Da masu bindiga suka faɗa wa garin karo na biyu, a 2016, ta fito da 'yarta Zulaihat da tukunya ɗaya a ka, suka yi ta tafiya har suka samu motar da ta sauke su Diffa.

Ba ta yarda ta zauna sansanin 'yan gudun hijira ba. Sai ta nemi wani dattijo, Ba Grema, manomin tattasai a Shetimari, wanda ta sani tun yana kai kaya Boso yana dawowa da kifi. Yana da tsohuwar gonar gero a yammacin Diffa, rairayi ne zalla da tumfafiya, ta daina ba da komai. Ya ce ta kafa rumfa ta zauna har Allah ya kawo sauƙi. Da baki aka yi maganar, gaban bulama, mai unguwar wurin.

A lokacin, in ta tsaya ƙofar rumfarta, garin Diffa can nesa take hango shi. Ba a yi shekara biyar ba ya iske ta har gida. Mutanen bakin Komadugu da aka tasa daga gonakinsu sun zo, na Damasak da Malam Fatori sun tsallako, ga ma'aikatan agaji da fararen motocinsu suna neman gidan haya, ga ɗaliban jami'a. Magina suka biyo su daga Damagaram da Maraɗi. Kowa cewa yake Diffa ta buɗe, mai hannu biyu ba zai rasa na abinci ba. Ya Falmata ta kama dafa wa masu buga bulo shinkafa da miyar busasshen kifi, ciniki kuma ya kankama. Amma ba ta saki jiki ba. Wanda ya zo da shebur a kafaɗa takan zuba masa har da ƙari. Wanda ya zo da jakar takardu a hammata kuwa, da ido take bin sa har ya ɓace.

Wata Litinin wani mutum mai fara'a, Alhaji Al-Amin, ya tsayar da motarsa gaban rumfar. Ya zauna a benci tare da leburori, ya ci, ya yaba miya. Washegari ya dawo, da wanshekaren washegari ma. Ta ce a ranta ruwa ba ya tsami banza, mai mota irin wannan ba miya ta kawo shi ba.

Rana ta huɗu ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya sayi filin gaba ɗaya, zai gina shaguna a gaba, gidajen haya a baya. Ita kuwa kada ta damu, za a ba ta ɗaki, ita ce ma za ta riƙa dafa wa ma'aikata. Abin da ya rage kawai ta dangwala yatsa a wata takarda. Ya zaro ta, rubutun faransanci ne.

"Alhaji, daga hannun wa ka saya?"

"Daga masu shi, Iya."

"Masu shi ai suna da suna."

Sai ya ce Awalu ne, ɗan ƙanen Ba Grema. Ta ce to, ita ba ta dangwala hannu ranar da ta fara ganin takarda, ya bar mata ta kwana biyu. Bai so ba, amma leburori na kallo, sai ya bari.

Ta kai wa wani mushe, wato malamin boko, da ke koyarwa a lakwal, makarantar unguwar, ya karanta mata. Ta yi godiya, ta ɗaura mayafi ta nufi ɗaya ƙarshen garin, ta ba wani mai shagon magani wanda bai san mushen ba, ba ta kuma gaya masa an riga an karanta ba. Bakinsu ya zo ɗaya. Takardar na cewa ita Falmata ta shaida Awalu ne ya zaunar da ita, gonar tasa ce ta gado, kuma ta yarda ta tashi duk ranar da aka ce ta tashi. Maganar ɗaki da girki ko kusa babu.

Ta hau mota zuwa Shetimari, ta iske Ba Grema yana juya tattasai a shanya. Da ya ji, sai ya yi mata bayani. Gonar ta mahaifinsu ce, ba a taɓa raba ta ba. Ƙanensa ya rasu, Awalu na da kason ubansa, amma ba duka ba.

Aka zauna gaban bulama. Awalu ya sunkuyar da kai ya ce ya ga kowa na sayarwa, ya ji tsoro lokaci ya wuce su. Alhaji Al-Amin ya rantse shi ma yaudararsa aka yi, dillali ne ya rubuta takardar, shi bai karanta ba. Jama'a da yawa suka gaskata shi. Ya Falmata ba ta ce ƙarya yake ba, sai dai ta lura lokacin da ake fassara takardar fuskarsa ba ta motsa ba.

Ta ɗauka Ba Grema zai kore su. Sai ta ji ya tambayi yadda filaye ke tafiya yanzu a wannan gefen. Nan ta gane sayarwa zai yi. Tsohon ya gaji. Ruwan Komadugu ya cinye masa gona shekara biyu a jere, 'ya'yansa kuma duk sun koma gari. Cikin wata ɗaya aka raba gado, aka sayar wa Alhajin kusan duka, wannan karon da yardar kowa.

Amma kafin ya sa hannu, Ba Grema ya yanke kusurwar da rumfarta take, ta bakin hanya, ya ce wannan ba ta cikin ciniki.

"Ya Falmata, ke kika riƙe mana wurin nan da babu mai so. Mu je meri, ofishin magajin gari, a rubuta da sunanki."

Aka rubuta, aka kafa duwatsun siminti a kusurwa huɗu.

Yanzu shagunan sun tashi, akwai mai sayar da wayoyi, akwai mai kayan gini, Zulaihat ma na ɗinki a ɗaya daga ciki. Sau biyu Alhaji Al-Amin yana turo mutum a tambaye ta ko za ta sayar da kusurwar, Zulaihat na cewa ai alheri yake nufi. Ya Falmata ta mayar da gaisuwa cikin mutunci, ta ce a'a. Da ta samu halin gini bana, ba ɗaki ta fara ba. Katangar da ke tsakaninta da shagunan ta sa aka fara ɗorawa, kuma ranar da magini zai ja igiyar awon iyaka ta sauke tukunya, ta zo ta tsaya a kansa har ya gama.