Ƙurar da ta raba ni da goyona

Sama da shekara sittin ban buɗe baki a kan wannan ba. Yau zan faɗa, don na ga matasa suna fasa tsofaffin injuna ba ko ƙyalle a hanci.

Kafin 'yancin kai, mijina Malam Bukar yana ƙira a Soron Ɗinki. Yakan sayo tarkacen tagullar jirgin sama ya yi mundaye. Sharar maƙera ba a zubarwa, ni nake sheƙe ta a faifai in tsince ɓurɓushin ƙarfe.

Sai tari. Sai haki. Daga rijiya zuwa ɗaki sai na zauna. Zane ya ƙi zama a ƙuguna.

Aka ce tarin fuka ne, aka ware min kwano da moɗa. Wannan na jure. Amma surukata ta kwance 'yata Falmata daga bayana, ko yaye ba ta isa ba, ta kai ta gidanta a Gwale.

"Yi haƙuri, 'yar nan. So kike ki shafa mata?"

Na yi kuka kamar raina zai fita, sannan na ce wallahi sai na sake goya 'yata.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji. Kullum safiya kaki a gwangwani, allura har zama ya gagare ni. Malam ya sayar da kekensa. Ba a ga ƙwayar cuta ba, ba kuma sauƙi.

Wani likita ya tsare ni da tambaya, me nake shaƙa a gida? Na ce hayaƙin murhu mana! Ya ce sai me? Da na ambaci faifai, ya sa Malam ya kawo tarkacen. Bayan bincike ya ce akwai wani ƙarfe a ciki, beriliyam. Jikin wasu faɗa yake da ƙurarsa har huhu ya yi tabo. Malam garau yake, ni nawa jikin ya ƙi.

"Ana ɗauka?" Abin da na tambaya ke nan kawai.

"Ba a ɗauka."

Ranar sallama ban nufi gida ba. Gwale na tafi, ina hutawa dakali-dakali. Falmata ta gan ni ta ɓuya bayan kakarta. Na zauna a tabarma na ƙi tashi, har ta matso da kanta.

Na sha magani, na bar sheƙa. Hakin bai tafi duka ba, amma alhamdu lillahi.

In tari ya ƙi magani, ku gaya wa likita aikinku da na maigida. Ku yayyafa ruwa kafin shara. Kada ku kakkaɓe kayan aiki a tsakar gida.

Allah ya ji ƙan Malam da surukata, tsoro ne ya sa ta.

Falmata ce riƙe da wayar nan da ke ɗaukar maganata, kanta fari fat, wai in huta haka. Na ce matso dai kusa, ba a ɗauka.