Tafkin da Baffa Ya Haƙa

Shekarar da gyaɗa ta yi albarka a gonarmu ta gabas da Gezawa, ni da wani abokina mai fataucin shanu muka ƙulla zuwa Jos buɗe ido. Shi ya sha zuwa. Kullum cika mu yake da labari: duwatsu a ɗore kan juna kamar an jera tukwane, gajimare yana saukowa har kan rufi, ga Turawa suna tahowa daga ko'ina su huta da zafin ƙasarmu. Ni kuwa ban taɓa wuce birnin Kano ba.

Da Baffa, ƙanin mahaifina, ya ji, sai ya ce da shi za a je. Ban so ba. Tun ina ƙarami, lokacin babban yaƙin Turawa, dagaci ya bi gida gida aka ɗebi maza zuwa haƙar kuza. Diban gwamna ake ce masa. A gidanmu mahaifina da Baffa aka ɗauka, gero na shirin fitar da kai. Baffa ya dawo da wani tari da bai ƙara rabuwa da shi ba. Mahaifina bai dawo ba. Tun daga nan ba mai jin kalmar Jos a bakin Baffa, sai ranar nan.

Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Zariya, muka sake wani ƙarami da ya yi ta hawa yana haki. Ba zan ɓoye ba, wurin yana da kyau. Iskar ta daki fuskata kamar ruwan randa. Wani mahauci ɗan garinmu ya sauke mu, ya ba mu bargo.

Da safe abokina ya ja mu kan tudu mu ga gidan hutun Turawa. Furanni ja da rawaya, ciyawa an aske ta kamar kan ango, wata Baturiya a baranda ta lulluɓe da mayafi tana shan shayi. Muna matsawa kusa da shinge maigadi ya taso, Bahaushe ɗan'uwanmu.

"Ina zuwa, Malam?"

"Kallo kawai," in ji abokina.

"Ku kalla daga can. Nan ba na irinku ba ne."

Na ce, "Irinmu su wa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ku rufa mini asiri, ni ma ɗan aiki ne."

Raina ya sosu, amma na haɗiye. Abokina ya ce mu bar wannan, akwai wani tafki bayan gari da ya fi komai kyau. Muka hau mota, muka ƙarasa da ƙafa. Baffa yana biye da mu a baya.

Tafkin shuɗi ne, a kwance tsakanin tsibin jar ƙasa da ciyawa ta fara rufewa. A kan tsibi mafi tsawo Turawa sun shimfiɗa zane suna cin abinci, 'ya'yansu na jifan ruwa da tsakuwa, kuku yana tsaye da tire. Na juya zan ce wa Baffa ya gani, sai na tarar ya ƙura wa ruwan ido.

"Wannan ba tafki ba ne," ya ce. "Rami ne. Mu muka haƙa shi."

Ya nuna da sanda inda suke cika kwano da laka, da hanyar da suke hawa da shi a ka, ba takalmi, ba riga mai kauri, sanyi na tsaga ƙafa. Ya nuna inda bukkokinsu suke, waɗanda ruwa ke shiga ta sama ta ƙasa.

"Yaya ya kwanta da ciwon haƙarƙari. Heluma, shugaban leburori, ya ce lalaci ne. Da ya cika, mu huɗu muka yi masa salla a gaggauce, ba likkafani sai zanen da ya zo da shi. Muka binne shi can. Daga baya aka ce a can za a riƙa zuba ƙasa."

Sandar tana nuna tsibin da ake cin abinci a kai.

Ban san lokacin da na fara hawa ba. Wani Bature dogo ya miƙe da akwatin ɗaukar hoto, yana murmushi, ya yi wa kukun magana. Kukun ya ce, "Maigida ya ce tsohon can ya tsaya bakin ruwa da sandarsa, zai yi kyau a hoto."

Na ce, "Gaya masa a kan ubana yake zaune."

Kukun ya zaro ido. "Ba zan iya faɗin wannan ba."

"Ka faɗa!"

Ya yi wani guntun Turanci. Ban san me ya ce ba, amma Baturen ya yi dariya, ya miƙo mini ragowar burodi. Wallahi da abokina bai riƙe ni ta baya ba, da ƙarshen rayuwata a gidan yari zan yi shi. Na yi ta zage-zage da Hausa, yaransu suka daina jifa suna kallona, wata mata ta fara tattara kofuna.

Baffa ne ya kira ni daga ƙasa. "Sauko. Ba faɗa ya kawo ni ba."

Na sauko. Ya cire takalmi a gindin tsibin, ya fuskanci gabas, muka ɗaga hannu. Addu'ar ta yi tsawo, tari yana katse shi. Ni bakina yana amin, zuciyata tana tafasa. A sama an ci gaba da cin abinci.

Abokina ya so mu ƙara kwana, wai akwai wani ruwa mai zubowa daga dutse. Na ce na ga abin da zan gani. Washegari muka kamo hanya.

Da muka iso gida Inna, mahaifiyata, tana sussukar dawa a tsakar gida. Ta ajiye taɓarya, ta dubi Baffa, ta ce, "Kun sami wurin?"

"Mun samu," ya ce. "Wuri ne mai tsayi, ruwa ba ya kai masa."

Ta ce alhamdu lillahi. Ni na ɗauki lauje na fita gona, don in na tsaya zan faɗa mata sauran.