Wurin Zaman Malam a Bakin Dam

Malam, maigidana, yana da wata al'ada da ban taɓa shiga cikinta ba. Idan Asabar ta zo, babu biki babu ta'aziyya, yana gama karyawa zai ɗaure fatsarsa a jikin babur ya ce mini ya tafi dam. Daga gidanmu a Kudan tafiya ce mai ɗan nisa, sai an bi ta Makarfi an nufi wajen Ikara. Yakan dawo bayan la'asar, rana ta ƙona masa fuska, da kifi a leda. Ya sha cewa in zo mu je in ga ruwa, ni kuwa in ba wanki ba, to takardun ɗalibaina ne a gabana. Allah bai ba mu haihuwa ba. Mu biyu ne a gidan, amma ban taɓa jin ya yi mana girma ba sai da Malam ya rasu.

Na fita takaba ana tsakiyar bazara. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gwaggon da ta zo taya ni zama ta koma ƙauye. In na dawo daga makaranta sai in dafa abinci ya fi ƙarfina, in rasa wanda zan miƙa wa saura. Rannan ƙanena da ke Makarfi ya leƙo ya same ni zaune a tsakar gida.

"Yaya, gobe za mu je dam da iyali," in ji shi. "Ki shirya. Ba zan bar ki ki yini kina kallon bango ba."

Na so in ƙi, amma na san halinsa. Da safe da motar ta tsaya a ƙofar gida, har zan kulle ɗaki sai idona ya faɗa kan fatsar, tana jingine a bayan ƙyaure inda Malam ya bar ta. Na ɗauko. Ƙanena ya dube ta ya dube ni.

"Me za ki yi da wannan kuma, Yaya?"

Na ce ko zan sami wanda zan ba. Ya karɓa ya zura ta ta tagar motar.

Hanya duk ta bushe. Gonaki fayau, babu komai sai guntayen kara da awaki suna kiwon abin da ban gani ba. Muna gangara wani tudu sai ga ruwa shimfiɗe a gabanmu, yana ƙyalli har yana kashe ido. Yaran suka sa ihu. Ruwan ya ja baya sosai saboda rani, ya bar laka ta tsattsage a gefe, sai lambunan tumatir da albasa kore shar suna bin bakinsa, injin ban-ruwa yana ta tatata. An kakkafa rumfunan zana, masu gasa kifi da masu rake sun baje, samari na buga ƙwallo a kan yashi, wasu na ninƙaya. Can tsallake kuma shanu ne suka jeru suna sha.

Muka shimfiɗa tabarma a gindin wata ɗorawa. Matar ƙanena mutuniyar kirki ce, sai tura mini abinci take yi tana cewa in ƙara. Amma ba a jima ba kowa ya kama abin da ya kawo shi. Ita da mijinta suka tafi ɗaukar hoto, yaran suka tuɓe takalma suka tara a gabana.

"Gwaggo, riƙe mana, yanzu za mu dawo."

Na zauna ina gadin takalma da kuloli. Ko'ina na duba mutane bibbiyu ne ko gungu-gungu, wannan na ɓare wa wannan rake, waccan na ƙwala wa ɗanta kira kada ya yi nisa. A gida aƙalla shirun nawa ne. A nan kuwa, cikin hayaniyar, sai na ji kamar an manta da ni a tasha.

Da matar ƙanena ta dawo na ce mata zan miƙe ƙafa. Na ɗauki fatsar na bi bakin ruwa, na wuce rumfuna, na wuce masu ƙwallo, har kiɗan ya fara dusashewa. Can na iske wani dattijo zaune a bakin kwalekwalensa yana ɗinkin taru. Na yi masa sallama, muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da zafi. Amma idonsa na kan abin da ke hannuna.

"Malama, wannan ba fatsar Malam na Kudan ba ce? Ga jar robar nan da ya naɗe hannunta da ita."

Na ce ita ce.

"To ina ya shige? Tun kafin a yi girbi rabona da shi. Na ce ko an yi masa canjin wurin aiki ne."

Tun da aka yi rasuwar, duk wanda ya zo wurina ya riga ya sani. Ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba. Na ce, "Baba, ai Allah ya yi masa rasuwa. Ni ce iyalinsa."

Ya ajiye tarun a hankali. Ya yi salati, ya daɗe yana addu'a, ya shafa. Sannan ya ce, "Ya haƙuri?" Na ce da godiya. Sai na ga dattijon yana share ido da bakin rigarsa, ni ce ma na koma ina ba shi haƙuri.

Ya ce in zo ya nuna mini wurin zaman Malam. Ba nisa, wani faffaɗan dutse ne a ƙarƙashin bishiyar kanya. Ya ce da damina ruwa har gindin dutsen yake zuwa, Malam yakan tsoma ƙafa a ciki. Yanzu kuwa sai an taka laka kafin a kai ga ruwan.

"Nan zai zauna tun hantsi. Ba ya son surutu. In azahar ta yi mu yi jam'i, mu sha fura wurin matan rugar can."

Na ce lallai ya iya kamu, don bai taɓa dawowa hannu biyu ba. Dattijon ya yi dariya har da tari.

"Malam? Allah ya jiƙansa, ko tana bai iya sa wa ƙugiya da kyau ba. Kifin nawa ne. In zai tafi sai ya ce, Baba, zaɓo mini tarwaɗa mai kyau, ita uwargida take so."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Ya kau da kai ya bar ni na yi mai isata. Shekara da shekaru ina yaba wa Malam, yana karɓar yabon da murmushi, yana ba ni labarin yadda kifin ya kusa tsinke zare.

Na miƙa wa dattijon fatsar na ce ya riƙe. Ya karɓa da hannu biyu. Sai ya ce tunda na zo, bai kamata in koma ban shiga ruwan ba. Ban taɓa hawa kwalekwale ba, na riƙe gefensa gam yana tangaɗi. Ya tura da gora har muka yi nisa, sannan ya bar shi ya tsaya da kansa. A tsakiyar ruwa babu kiɗa, babu zafi sosai, sai iska da farar balbela. Na hango ɗorawar, na hango ƙanena tsaye yana kare ido da hannu yana waige-waige. Na ɗaga masa mayafi, bai gan ni ba.

Da muka dawo gaɓa dattijon ya ce duk ranar da na ga dama in zo, dutsen ba mai zama a kai. Na ce in Allah ya yarda. Ni da shi mun san mace ita kaɗai ba za ta riƙa zuwa nan daga Kudan ba.

A mota yaran suka yi ta ba ni labarin wanda ya faɗi a laka, har barci ya kwashe ƙaramar a cinyata. A Makarfi matar ƙanena ta roƙe ni in kwana. Na ce ina da aji da sassafe. Ƙanena ya kai ni har ƙofar gida ana shirin kiran magariba, ya jira na buɗe kwaɗo sannan ya juya. Na ɗebo ruwa a randa, na zauna a bakin rariya ina wanke lakar da ta bushe a ƙafata.