Kawu Arzika Bai Faɗo Daga Rumbu Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Arzika, ƙanen mahaifiyata, mahaƙin rijiya daga Kore Mairuwa. Ya bar matarsa Haɗiza da 'ya'ya huɗu. Wanda yake yi wa aiki shi ne Alhaji Tankari, ɗan kwangilar rijiyoyi kuma mijin gwaggona, wanda a gidansa na Yamai nake zaune lokacin da nake shekarar farko a karatun shari'a. Na jera waɗannan sunaye ne domin mai karatu ya ga inda na tsaya a tsakaninsu.

Haɗarin ya auku shekara uku kafin rasuwarsa, a wani ƙauye kusa da Kiyeshe. Kawu yana ƙasan rijiya ana saukar masa da zoben siminti, igiya ta tsinke. Sau biyu ya yi ƙorafin igiyar nan, abokan aikinsa duk sun sani. Zoben ya murƙushe masa ƙafar dama. Ina gida hutu, don haka da ni aka ɗauke shi zuwa asibitin Dogon Dutsi a bayan motar Alhaji.

A bakin ƙofa Alhaji ya ja ni gefe.

"Sa'idu, kai ka iya bakin mutanen asibiti. In Majo ya tambaya, ka ce daga bisa rumbu ya hwaɗo. In anka rubuta rijiya, jandarma za su shigo, aiki shi tsaya, magidanta goma su rasa tuwo. Mu dangi ne, ba mu kai juna gaban hukuma. Arzika nawa ne, ni za ni riƙe shi."

Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya buɗe littafinsa ya tambaya, na kuwa faɗi abin da aka ce in faɗa. Ya dubi wandon Kawu, jiƙe sharaf a tsakiyar rani, ya dubi simintin da ya bushe a gashin kansa.

"Ɗan makaranta, rumbun naku ruwa kuka ajewa ciki?"

Na ce gero ne. Ya ɗaga kafaɗa ya rubuta. Kawu yana kwance idonsa biyu, ya ji komai. Bayan kwana huɗu aka yanke ƙafar a Dosso.

Ba zan zalunci Alhaji a rubuce ba. Ya biya magani, ya aika da buhun gero bayan girbi har sau biyu. Daga nan kwangila ta yi masa nisa, aiken ya ragu, ya tsaya. A garinmu babu wanda ya ga laifinsa. An yi jaje, an ce ƙaddara ce, dattawa sun yaba wa gidanmu da muka rufa asiri.

Laifina na biyu ya fi na farko nauyi, domin shi da ilmi na yi shi. A aji na koyi cewa idan ubangida bai kai rahoton haɗarin aiki ba, ma'aikaci ko danginsa suna iya kaiwa da kansu kafin cikar shekara biyu, kuma wanda ya rasa gaɓa yana da haƙƙin diyya da ake biya a kai a kai. Na lissafa, saura wata biyar. Sai dai hujja ta farko ita ce takardar likita, takardar kuma ta ce rumbu. Gyara ta yana nufin in koma gaban Majo in ce ƙarya na yi, in nemo abokan aikin Kawu su ba da shaida, sannan in kwashe kayana daga gidan Alhaji.

Na je Kore Mairuwa na same shi a gindin bishiyar bedi yana tufka igiyar kaba, sana'ar da ta rage masa.

"A'a, lauyanmu! Mi anka koya maka a lakkwal? Na ji a radiyo wai irinmu gurgun aiki muna da wani abu wajen gwamnati. Gaskiya na?"

"Sai na bincika, Kawu."

Ya dube ni, sannan ya mai da kansa ga igiyarsa. "To, bincika. Amma kak ka ɓata da Alhaji, kai kad da sauran karatu."

Na karɓi wannan magana a matsayin izini, alhali na san ba izini ba ce. Ya ga tsorona ne ya rufa mini shi. Wata biyar suka wuce ina karanta dokar da na hana shi.

A yau ina aikin cika wa ma'aikata irin waɗannan takardu. Samarin yanzu suna ɗaukar hoton rauni da waya tun kafin jini ya tsaya, wasu har sukan ce wa ubangida a fuskarsa sai an rubuta. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da su. Ina jin da farko zai kira su marasa kunya, domin shi mutumin kara ne. Amma ya san igiya mai kyau da marar kyau, kuma ban yi zaton zai so ɗansa ya sauka rijiya bisa alkawarin baki ba. Kowa ya zauna gabana, abin da nake fara gaya masa shi ne ya faɗi gaskiya a asibiti, ko da ubangidan nasa baffansa ne. Ban taɓa gaya wa ɗayansu inda na koyi wannan ba.

Rijiyoyin da ya haƙa suna nan, mata na jan ruwa a cikinsu ba su san sunansa ba. Haɗiza kuwa har yanzu takan aiko mini da ƙuli-ƙuli, tana cewa ni ne na tsaya wa mijinta a asibiti. Na karanta mata wannan rubutu kafin in aika da shi a buga. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in ƙirga mata abin da suka rasa, tunda ni mai lissafi ne.

Ƙafa ɗaya. Shekara uku a zaune. Gona biyu da aka sayar. Saniya ɗaya da amalankenta. 'Ya'ya uku da suka bar makaranta.