Ranar da Hadijatu Ta Kira Sunan 'Yarta

Duk wanda ya saba shiga kasuwar shanu ta Dei-Dei ya san Hadijatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar nan mai fura da nono a gindin dalbejiya, wadda ba ta ɗaga murya ko an taya mata da rainin wayo. A ruga aka haife ta, can bayan Zuba, tun kafin masu gini su cinye makiyaya da bulo. A nan ta auri Hammadu, ta haifa masa 'ya ɗaya, Rumaisa.

Da Abuja ta buɗe, Hammadu ya bar kiwo ya koma dillancin shanu, ya yi mota, ya yi gida a Dutse Alhaji. Zama ya ƙi daɗi, suka rabu ba tashin hankali, Hadijatu ta koma wurin mahaifiyarta, Dada, da yarinyar. Sai da Rumaisa ta shiga firamare sannan sammaci ya zo: Hammadu yana neman kotu ta ba shi riƙon 'yarsa.

To, ga inda matsalar take. Rumaisa 'yar fari ce, kuma a gidan su Hadijatu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane. Kunya ce, haka suka tashi suka gani. "Ke" take ce mata, ko "waccan". Amma ita ke tashi da asuba ta wanke mata kayan makaranta, ita ke ɓoye mata kan man shanu.

Hammadu ya san duk wannan sarai, shi ma a ruga ya girma. Sai dai bai gaya wa lauyansa ba. Lauyan ya kawo shaida, wata maƙwabciya, ta rantse ba ta taɓa jin Hadijatu ta ambaci sunan yarinyar ba, har ma an taɓa tambayar Hadijatu ko 'yarta ce, ta ce 'yar Dada ce. Gaskiya matar ta faɗa kuwa.

Alƙali ya dubi Hadijatu. "Malama, wannan yarinya 'yar wa ce?"

Ta sunkuyar da kai. Dada na zaune a bencin baya, ga kawun Hammadu a gefe. "Oga, ai ga ta nan," ta ce.

"Na gan ta. Kina son a bar miki ita?"

"Yadda aka yi duk daidai ne."

Lauya ya buɗe hannu, alamar an dai ji. Alƙalin ya cire tabarau ya ajiye.

"Saurara, Malama. Ni ma ɗan fari ne, har uwata ta rasu 'wannan mutumin' take ce mini. Na gane. Amma kotu ba ta hukunci da abin da alƙali ya gane, sai abin da aka faɗa a gabanta. Idan kin tsaya a kan duk daidai ne, yau za ta bi ubanta."

Hadijatu ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Mai rubutun kotu ya ɗaga biro yana jira. Can ta ɗago, ba ta kalli kowa ba sai bango.

"Rumaisa," ta ce, muryar kamar ba tata ba. "'Yata ce. Ni na haife ta, ni na goya ta. Ba ta cin abinci in ba ni na zuba ba. Ina sonta, kada a ɗauke mini ita."

Yarinyar ta juyo tana kallon uwarta baki buɗe. Hammadu kuma ya duƙar da kai, da aka tambaye shi ko yana da ta cewa, ya ce babu. Alƙali ya bar riƙo a hannun uwa, uba ya riƙa ɗaukarta lokacin hutu.

A motar komawa Hadijatu ta kasa haɗa ido da mahaifiyarta. Har suka wuce Kubwa. Sai ta ce a hankali, "Dada, ki yafe mini, na yi rashin kunya a gabanki."

Tsohuwar ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, tana kallon waje.

"Wace rashin kunya? Ni fankar nan ta kotu ta cika ƙara. Ban ji komai ba."